Wane Baƙo Gaya Take Jira?

Duk wanda ya ambaci Gaya a Nijar, abin da ke fara zuwa zuciyar mai sauraro shi ne manyan motoci jere a bakin duwan, da gadar da ta haɗa garin da Malanbil ta ƙasar Benin, da 'yan kasuwar da ke kai da komowa tsakanin Kutonu da Kamba da Doso. Da wuya a ji wani ya sa ta cikin wuraren da ake zuwa don buɗe ido. Agadas ake ambata, da Kure mai raƙuman dawa, da gandun daji na W. A ganina wannan rashin lissafi ya cutar da Gaya, kuma tushensa guda ne: tun zamanin mulkin mallaka an ɗora harkar yawon buɗe ido a ƙasar nan bisa baƙon da zai sauka daga jirgin sama a Yamai da kuɗin ƙasar waje a aljihu. Wannan baƙo ya daina zuwa, kuma babu alamar zai dawo nan kusa. Abin da nake son kafa hujja a kansa shi ne, kogin Gaya da fadamunta da tarihin jihar Doso za su iya ciyar da mutane idan aka juya fuska ga baƙo na kusa, wato ɗan Doso da ɗan Yamai da ɗan Kabi da Sakkwato, kuma namun dajin da suka rage ba za su tsira ba sai maƙwabtansu sun ga abin da suke samu daga rayuwarsu.

A fara da abin da Allah ya ajiye a wurin. Gaya ce kusurwar da ta fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, kimanin milimita 800 a shekara, a ƙasar da mafi yawanta hamada ce. Nan kogin Kwara yake yin bankwana da Nijar ya shiga Najeriya, bayan ya yi iyaka tsakaninmu da Benin, yana malala cikin fadamu masu burgu duk lokacin da ya cika. Tun 2001 aka sa fadamun wannan yanki, waɗanda ƙauyen Albarkaize yake bakinsu, cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, sannan a 2004 aka ƙara Dallol Boso da Dallol Mauri. Idan sanyi ya kama, tsuntsayen da suka ƙetaro hamada daga Turai suna sauka nan su haɗu da na gida, dinya da kirinjijiya da zalɓe da balbela, har ruwan ya rufe da su. Akwai dorina, akwai kuma ayu, wadda masunta suka san maɓoyarta fiye da kowane mai bincike. A tudu ga dajin Goru Basunga dab da gari, ga kurmin giginya na Dallol Mauri. Daga yamma kuma ga keɓaɓɓen dajin namun daji na Doso da aka shata a 1962, wanda yake katanga ce ga gandun W daga wannan gaɓa ta kogi. Shi kansa W an mayar da shi gandun ƙasa a 1954, hukumar UNESCO ta sa ɓangaren Nijar cikin kayan gadon duniya a 1996, a 2017 aka faɗaɗa rajistar ta haɗa da Arli ta Burkina Faso da Panjari ta Benin. Giwaye da zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma, kaso mai tsoka nasu a wannan haɗaɗɗen daji yake.

Tarihi ma bai yi wa yankin rowa ba. Ƙasar Dandi ce inda Askiya Nuhu ya ja daga bayan sojojin Maroko sun ci Songhai a Tondibi a 1591, ya yi shekaru yana hana su sakat a cikin waɗannan fadamu. A Bumba, inda Dallol Boso ya faɗa kogi, aka yi yaƙin 1896 da mayaƙin Zabarmawa Isa Korombe ya rasu a cikinsa. A garin Doso fadar Zarmakoy da aka gina a 1904 tana nan tsaye da gidan tarihi a kusa da ita, can arewa wajen Dogon Dutsi kuma ga Lugu, garin Sarauniya da ta tari rundunar Faransawa a 1899. Sai gishirin Foga, wanda ya isa a yi masa tafiya shi kaɗai. A cikin kwarin Foga, da rani, ana kankaro ƙasar da gishiri ya yi wa fari, a zuba ta a matata, a kwarara ruwa ya tsiyaye, a dafa ruwan nan har ya ƙafe ya bar gishiri, sannan a ɗaure shi a kai kasuwa. Tulin ƙasar da aka gama tacewa shekara da shekaru ya zama tuddai a gefen ƙauyuka. Bajamushen nan Heinrich Barth, da aka sani da Abdulkarim a ƙasar Hausa, ya ratsa kwarin a 1853 kan hanyarsa daga Gwandu zuwa Say, ya tarar da wannan sana'a tana ci. Fatake sun daɗe suna kai gishirin nan nesa, amma yaro ɗan makaranta a Doso zai iya gama karatunsa bai taɓa ganin yadda ake yin sa ba.

To me ya sa duk wannan bai zama abinci ga mutanen Gaya ba? Saboda hanyar da aka shimfiɗa wa baƙi ba ta bi ta nan ba. Bature ma'aikacin ofishin jakadanci ko na ƙungiyar agaji yakan tashi daga Yamai ranar hutu, ko dai ya bi ta Say zuwa Tapowa ya shiga W, ko ya yi tafiyar kilomita 60 zuwa Kure ya ga raƙuman dawa ya koma gida kafin la'asar. Kuɗin mota da na masauki da na abinci duk a babban birni suke zama. Sana'ar da ta dogara ga mutum iri ɗaya kuwa, ranar da ya ji tsoro ta mutu. A watan Mayun 2019 aka sace Faransawa biyu a Panjari aka kashe ɗan jagoransu. Ranar 9 ga Agustan 2020 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan agaji shida Faransawa a Kure tare da direbansu da shugaban 'yan jagoran yankin, 'yan Nijar. A Fabrairun 2022 nakiyoyi suka hallaka ma'aikata a ɓangaren W na Benin, a 2025 kuma aka kashe sojojin Benin da dama a hare-hare a cikin dajin da gefensa. Tsakanin nan ga juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da takunkumin da ya biyo baya, wanda ya rufe gadar Gaya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ya kori baƙon Turai, balle sun taru.

Labarin raƙuman dawa ya kamata ya tsaya mana a rai, domin shi ne shaidar da ta fi kusa. A 1996 guda 49 kacal suka rage a duk Afirka ta Yamma, dukansu a tsakanin Kure da Dallol Boso. Cikin shekara ashirin da 'yan kai suka haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai Gadabeji a jihar Maradi don kafa garke na biyu. Ba a cikin shinge suka yaɗu ba. A gonakin mutane suke kiwo, da damina a kan tudu, da rani su gangaro kwari su ci ganyen gawo, su kuma taɓa waken manomi da mangwaronsa. Manomin ya haƙura ne domin doka ta hana kisa, amma kuma domin ƙauyensa ya ga rijiya da rancen sana'a ga mata daga ƙungiyoyin da ke kare dabbar, ya ga ɗan'uwansa yana samun na cefane da rakiyar baƙi. Da baƙi suka ɗauke ƙafa bayan 2020, raƙumin dawa bai daina cin wake ba. Haƙurin da aka gina kan amfani yana buƙatar amfanin ya ci gaba, kuma ba daidai ba ne a bar shi rataye ga shawarar da wata ma'aikatar harkokin waje a Turai za ta ba 'yan ƙasarta.

A nan ne misalin Indiya yake da amfani, domin ita ma ƙasa ce mai talakawa da yawa da manoma maƙwabtan daji. A 2019 baƙin waje da suka shiga Indiya ba su kai miliyan 11 ba, amma tafiye-tafiyen buɗe ido da 'yan ƙasar suka yi a cikin ƙasarsu sun haura biliyan 2. A Taj Mahal da ke birnin Agra ɗan ƙasa yana biyan kuɗin shiga kaɗan, baƙon waje ya biya fiye da ninki ashirin, kuma mafi yawan masu cika harabar 'yan ƙasa ne. Tafiyar sa'a ɗaya ko ɗaya da rabi daga Agra akwai fadamar Keoladeo a Bharatpur, wadda faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 29 ba. Da can wurin harbin agwagin ruwa ne na sarakuna da gwamnonin Ingila, yau kuwa tana cikin kayan gadon duniya tun 1985, an ƙirga tsuntsaye iri fiye da 350 a cikinta. Abin lura shi ne masu kai baƙi ciki. Masu tuƙa keken haya ne na garin, waɗanda aka koya wa sunayen tsuntsaye da halayensu, suka zama su ne direbobi su ne malamai. Iyalin da suka zo ganin tsohon gini a Agra sukan ƙara kwana ɗaya su ga tsuntsaye, kuɗinsu ya shiga aljihun mai keke da mai shayi da mai ƙaramin masauki. Tsohon birni da daji suna tallafar juna. Tsakanin fadar Doso da fadamun Albarkaize akwai irin wannan dangantaka, ba a dai ɗaura ta ba.

Za a ce ai mutanenmu ba su da al'adar yawon buɗe ido, wannan abin masu ƙoshi ne. Ban yarda ba, kuma shaidar tana maƙwabta. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar sulhu ga Kabawa, dubban mutanen da ke cika bakin kogin Matan Fada 'yan ƙasa ne da maƙwabta, tun kafin UNESCO ta karrama shi a 2016. Gasar kokawa ta takobi da ake yi a Nijar tun 1975 tana kwashe mutane daga jiha zuwa jiha, su kwana a gidajen 'yan'uwa da na haya, su ci su sha su sayi tsaraba. Masu ziyarar Hubbaren Shehu a Sakkwato ba sa yankewa. A Yankari ta jihar Bauci, ɗaliban makarantu da iyalai 'yan Najeriya su ne ke cika ruwan ɗumi na Wikki lokacin hutu. Bahaushe da Bazabarme da Badande matafiya ne tun fil azal, suna kashe kuɗi a tafiyar biki da ziyara da kallo. Abin da ba a yi ba shi ne a gayyace su kogi, a sa farashin da za su iya, a yi musu bayani da harshensu. Takardun tallar gandun W da Faransanci aka rubuta su, don idon wani daban.

Abin da ake bukata a farko bai kai girman da ake zato ba. Ga kwale-kwale a Gaya, ga Sarkawa da sauran masunta da suka gaji ruwan nan kaka da kakanni. Mutumin da ya san inda dorina take kwana da 'ya'yanta, ya san nisan da za a tsaya kada ta fusata, ya san lokacin da kirinjijiya ke tashi da asuba, ya riga ya mallaki ilimin da ake biya a ko'ina a duniya. Abin da ya rage masa rigunan kariya daga nutsewa ne, da jirgi mai lafiya da ba a cika shi fiye da kima, da farashi sananne da aka rubuta a mashiga don kada a yi ta ciniki da baƙo. A ce makarantun sakandare na Doso da Gaya da Birnin Gaure sun sa fita ɗaya a shekara cikin tsarinsu, yara su ga fada da gidan tarihi, su ga matatar gishiri a Foga, su shiga kurmin giginya a nuna musu yadda itace guda yake ba da azara ta rufin ɗaki da ba ta jin gara, da 'ya'ya, da murucin da ake dafawa ana sayarwa a tasha, sannan su ƙare a bakin ruwa. Kowace mota ɗaya ta ɗalibai ciniki ce ga mai abinci da mai jirgi da ɗan kabu-kabu. Ga kuma ɗan kasuwar Kano ko Maradi da kayansa suka maƙale a iyaka, yana kwana biyu ko uku a garin ba abin yi sai zaman jira.

Hujjar da ta fi nauyi a kan wannan magana ita ce tsaro, kuma ba zan raina ta ba. Cikin gandun W yau ba wurin kai yara ba ne, ba wurin kai kowa ba ne, kuma duk wanda ya tallata shi a halin da ake ciki ya ɗauki alhakin rayuka. Wasu sassan jihar Doso ma sun ɗanɗana hare-hare. Amma wannan hujja tana ƙarfafa abin da nake faɗa ne. Tsarin da ya dogara ga kai baƙo tsakiyar daji ya kwana a tanti shi ne ya rushe. Wanda nake kira gare shi na kusa da gari ne, na rana, a wuraren da mutane ke noma da su da kiwo kullum, kuma jami'an tsaro da sarakunan gargajiya su ne za su ce nan ana iya zuwa, can a dakata. Akwai kuma wani abin da masu nazarin rikicin Sahel suka sha nunawa: masu ɗauke da makamai sun sami gindin zama a dazuzzukan nan ne ta hanyar ɓacin ran mutanen da aka hana kiwo da farauta da saran itace, aka ci su tara, ba tare da sun ga ko sisi daga dajin ba. Dajin da maƙwabtansa ke kallo a matsayin dukiyar gwamnati da Turawa, ba wanda zai kai rahoto idan baƙuwar fuska ta shige shi.

Hujja ta biyu ita ce kuɗin ɗan gida kaɗan ne, ba zai biya albashin masu gadin daji ba. Gaskiya ne Bature guda yakan kashe abin da ɗalibai hamsin ba za su kashe ba, kuma kare giwa da zaki zai ci gaba da bukatar kasafin gwamnati da tallafin waje. Sai dai a duba inda kuɗin ke sauka. Na baƙon waje mafi yawansa yana ƙarewa a tikitin jirgi da otal da kamfanin da ya shirya tafiyar. Jika ɗaya da ɗan Kamba ya miƙa wa mai jirgi a Gaya tana kwana a Gaya. Kuma ba ya yanke zuwa don an yi juyin mulki ko an sauya jakada. Sannan akwai ribar da ba ta shiga lissafin baitulmali: alƙali da ɗan majalisa da hafsan soja na gobe suna cikin motar ɗaliban nan, kuma wanda ya taɓa ganin ayu ta ɗago hanci daga ruwa zai yi wuya ya sa hannu a takardar da za ta busar da fadamarta.

Sai maganar manomi da makiyayi, wadda a nan ne aka fi yin kuskure. Dorina tana cin shinkafa, tana kife jirgi, tana kisa. Wanda ta cinye wa gona a dare ɗaya ba ya son jin wa'azin kare halittu, kuma yana da gaskiya. Idan za a karɓi kuɗi don kallon dorina, to kaso sananne ya tafi asusun biyan ɓarnarta, a hannun kwamitin da manoma da masunta da sarkin ruwa suke ciki, a riƙa karanta lissafinsa a bainar jama'a. Game da kiwo kuwa, Keoladeo ɗin nan ta Indiya ta bar darasi mai ɗaci. A 1982 aka hana shanun ƙauyuka shiga fadamar, aka yi arangama da 'yan sanda har aka rasa rayuka. Bayan 'yan shekaru masu binciken ƙasar suka gano cewa ciyawar da dabbobin ke cinyewa ta toshe ruwan, ta rage wa tsuntsaye wurin sauka. Burgun fadamun Gaya shi ne abincin shanun Fulani da rani tun kafin a san wata yarjejeniya, haka tsibirin Lete da kotun duniya ta tabbatar wa Nijar a 2005 wurin kiwo ne tun da daɗewa. Duk shirin da zai fara da korar makiyayi don a gyara wa mai kallo wuri ya jawo gaba, kuma mai yiwuwa ya ɓata fadamar da yake cewa yana karewa. Mutanen yankin sun riga sun nuna za su iya riƙon amana: tun shekarun 1990 aka fara danƙa wa ƙauyuka kula da kurmin giginya da rabon kuɗin azara, maimakon barin komai a hannun ma'aikatan gandun daji.

Wasu iyaye da malamai suna ɗari-ɗari da kalmar buɗe ido saboda abin da suka ji ana yi a wuraren shaƙatawa na wasu ƙasashe. Damuwarsu abin saurare ce, amma baƙon gida shi ne maganinta. Iyali da suka zo daga Birnin Kabi ko Tawa da al'adarsu za su zo, masallaci za su tambaya da wurin alwala, kuma tafiya don lura da halittar Ubangiji abu ne da addini ya kwaɗaitar da shi.

Saura iyaka. An ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, an buɗe tsakanin Nijar da Najeriya a watan Maris na shekarar, amma gadar Malanbil ta ci gaba da zama a toshe daga ɓangarenmu, jama'a suka koma tsallaka kogi a kwale-kwale. Garin da ya rayu da kuɗin fito ya ga yadda sa hannu guda a wata fadar gwamnati yake tsayar da cinikinsa, kamar yadda ya gani lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Yawon buɗe ido ba zai maye gurbin manyan motoci ba, kuma ba wanda ya ce zai yi. Ƙafa ce ta biyu ga tattalin arzikin da ya daɗe yana tsaye da ƙafa ɗaya. Hanyar Doso a buɗe take, ta Kamba ma haka, kuma matakin farko bai bukaci jiran wata ƙungiyar waje ba: hukumar garin Gaya da ma'aikatar ilimi ta jiha da sarakunan ruwa su zauna kafin sanyin bana, su zaɓi mashiga biyu ko uku da jami'an tsaro suka amince da su, su tantance jirage da matuƙansu, su yanke farashin ɗalibi da na babba, su kuma rubuta kason da zai shiga asusun ɓarnar dorina.